Kwamfutar Cikin Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: A Ina Aka Tsare Baƙuwar?

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu shagunan kwamfuta da ɗalibai a Sakkwato suka shiga ƙaura zuwa Windows 11, wasu da niyya, wasu kuwa mai gyara ne kawai ya ɗora masu. Cikin abin da ƙaurar ta haifar har da wani koke da ake yawan ji. VirtualBox ko VMware, wato manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta, da aka saba aiki da ita lafiya lau, yanzu in an danna maɓallin tashi sai ta fito da akwatin gargaɗi mai dogon Turanci da lambobi, ko ta tsaya cik da baƙar fuska, ko ta tashi amma tana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin albasa ya wuce kima.

Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne "a yi mata fomat". A share komai, a sake ɗora Windows, a ƙona data wajen sake sauke manhajar, a danna, matsalar ta fito tana nan daram. Abin da ke jawo haka shi ne "ta ƙi tashi" suna ɗaya ne da aka laƙaba wa cututtuka daban-daban, kuma mafi yawansu suna zaune ne inda fomat ba ya kaiwa. Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce: a wane mataki aka tsare ta?

Baƙuwa, mai masauki da mai rabon ɗaki

Abin da masana ke taƙaitawa da VM kwamfuta ce da manhaja ta ƙirƙira a cikin wata kwamfutar. Ba ta da ƙarfe ko waya ko guda. In aka buɗe foldar da take zaune, fayiloli za a tarar: ƙarami ɗaya mai ɗauke da saitinta, wanda a VirtualBox sunansa ke ƙarewa da .vbox, a VMware kuma da .vmx, sai wani ƙato wanda shi ne faifan ajiyarta, .vdi ko .vmdk. Windows ko Linux ɗin da aka ɗora mata, da duk takardun da aka rubuta a ciki, suna cikin wannan ƙaton fayil.

Kwamfutar tebur ta gaske ita ce mai masauki, wadda ke cikinta kuma baƙuwa ce, domin komai aro take yi: furosesa, RAM, wurin ajiya, har da intanet. Tsakaninsu akwai mai rabon ɗaki, manhajar da ake kira haifabaiza, wadda ke yanke abin da za a ba baƙuwa da inda za ta tsaya. Uku ne suka fi yawo a hannun mutane. VMware Workstation ta fito a 1999, kuma bayan Broadcom ya sayi kamfanin a 2023, an mai da ita kyauta a 2024. VirtualBox wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya fito da ita a 2007, ta koma hannun Sun a 2008, daga nan Oracle a 2010. Ta uku ita ce Hyper-V ta Microsoft, wadda ke ƙunshe cikin Windows kansa.

Masu bukatar wannan abu a Sakkwato sun fi yadda ake zato. Akwai ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da matasan da ke koyon tsaron intanet waɗanda darasinsu ba ya tafiya sai da Kali Linux, wata babbar manhaja kamar Windows da aka shirya don gwajin tsaro. Akwai mai shagon buga takardu da ke da tsohuwar manhaja ko tsohuwar firinta da ba ta jin yaren kowa sai Windows 7 ko XP. Akwai mai gyaran waya da ke ware manhajojin filashin a cikin baƙuwa don kada su ɓata masa babbar kwamfuta.

Tashin baƙuwa mataki uku ne. Sai mai masauki ya ba da izini da kayan aiki, sai an samu fayilolinta lafiya a inda aka bar su, sannan babbar manhajar da ke cikinta ta tashi da kanta. Akwai alama mai sauƙi ta rarrabewa. In gargaɗin ya fito tun kafin tagar baƙuwa ta nuna komai, laifin yana wajen mai masauki ko fayilolin. In tagar ta buɗe har tambarin VirtualBox ko VMware ya bayyana sannan aka tsaya, an riga an shigar da ita gida, a ciki ta yi tuntuɓe.

Ƙofar farko tana cikin BIOS

A da, manhajojin nan dabara suke yi: su riƙa tace umarnin baƙuwa suna sake fasalinsa kafin su miƙa wa furosesa. Aiki na tafiya, amma da nawa. A 2005 Intel ya fara saka wata fasaha cikin furosesa kanta mai suna VT-x, AMD ya biyo baya a 2006 da AMD-V, don baƙuwa ta riƙa gudu kai tsaye. Daga VirtualBox 6.1, wadda ta fito a Disamban 2019, an cire tsohuwar dabarar kwata-kwata. In babu VT-x ko AMD-V, babu tashi. Shi ya sa mutum zai rantse cewa a kan wannan kwamfutar ya taɓa kunna Windows XP a cikin VirtualBox shekarun baya, kuma gaskiya ya faɗa. Manhajar ce ta sauya sharaɗi.

Galibin kwamfutocin tebur da ake saye a nan na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Da yawa cikinsu suna da fasahar, sai dai a kashe take a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke kan madabod wadda ke tashi kafin Windows. Tunda a kan madabod saitin yake, a yi fomat sau goma ba zai motsa ba. Saƙon VirtualBox a nan ba ya ɓoye komai: "VT-x is disabled in the BIOS for all CPU modes", ko kuma "AMD-V is disabled in the BIOS". Wata alamar kuma, wajen ƙirƙirar sabuwar baƙuwa sai a ga zaɓin 32-bit kaɗai, babu na 64-bit.

Tabbatarwa ba ta cin minti ɗaya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a zaɓi CPU, a duba layin Virtualization. In an ga Disabled, sai a sake kunna kwamfutar a shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a Lenovo ThinkCentre, Del a mafi yawan waɗanda aka harhaɗa. Inda aka ɓoye saitin ya bambanta. Tsofaffin HP a ƙarƙashin Security suke ajiye shi, Dell na da sashe mai suna Virtualization Support, a kwamfutocin AMD kuma sau da yawa sunansa SVM Mode, wanda wanda bai sani ba zai wuce shi sau uku. Akwai wani mai kama da shi, VT-d, aikinsa daban ne, kunna shi kaɗai ba ya warware komai. Bayan an adana sauyin, wasu kwamfutocin ba sa karɓa sai an kashe su ɗungurungum an zare waya na ɗan lokaci.

Abu biyu kan tare hanya a nan. Wata kwamfutar takan zo da kalmar sirrin tsohon ofishinta a kan BIOS. A yawancin kwamfutocin tebur na ofis akwai ɗan jamfa a kan madabod da ake share ta da shi, kuma aikin mai gyara ne. Na biyu ya fi ɗaci: wasu tsofaffin Pentium da wasu Core 2 Duo ba a ƙera su da VT-x ba tun asali. Shafin Intel na nuna bayanin kowace furosesa in aka sa lambarta. In babu, to babu saitin da zai ƙirƙiro ta.

Batirin da ake mantawa da shi

A ɗauki wani shago a Runjin Sambo. Jiya da la'asar an shiga BIOS an kunna VT-x, Kali ta tashi, kowa ya ji daɗi. Da dare aka kashe soket don tsoron wuta mai ƙarfi. Da safe aka kunna, saƙon jiya ya dawo harafi da harafi. In aka dubi agogon da ke ƙasan fuskar kwamfutar, sai a ga yana nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa, burauza kuma tana ƙin buɗe shafuka tana kukan kwanan wata.

Mai laifin ɗan batiri ne mai faɗin kwabo a kan madabod, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo, kuma a tsofaffin kwamfutoci shi ke riƙe saitin BIOS duk lokacin da babu wuta. In ya mutu, kowace ɗaukewar wuta na mai da saitin yadda kamfani ya bar shi, har da kashe VT-x. Kwamfutar da ta shekara goma a wani ofis, ta yi watanni a kwantena, sannan ta zo inda take kwana ba wuta kullum, ba abin mamaki ba ne batirinta ya ƙare. Sauya shi bai kai kuɗin fomat ɗaya ba.

Masu rabon ɗaki biyu a gida ɗaya

Nan ne ƙaura zuwa Windows 11 ta shigo. VT-x kamar ɗaki ne mai mabuɗi ɗaya, haifabaiza guda ce ke riƙe shi a lokaci ɗaya. Ta Microsoft kuwa tana tashi ne tun kafin Windows ya gama buɗe ido, don haka in tana kunne ita ke ɗauke mabuɗin. VirtualBox ta zo daga baya ta tarar an kulle. Saƙonta a nan ya ɗan bambanta da na farko, kuma bambancin shi ne komai: maimakon "is disabled" sai ta ce "VT-x is not available". Na farko na nufin an kashe a BIOS. Na biyu sau da yawa na nufin a kunne yake, wani ne ya riga ta ɗauka.

Mutane kan ce ai su ba su taɓa kunna Hyper-V ba, wasu ma Windows Home gare su wanda ba ya zuwa da ita. Duk gaskiya ne, amma akwai abubuwa da dama da ke tayar da haifabaizar Microsoft ba tare da sunan Hyper-V ya fito ba: WSL 2 da masu koyon rubuta manhaja ke sawa, Docker Desktop da ke dogara da shi, Virtual Machine Platform, Windows Sandbox, da kuma babbansu, Memory integrity, wanda ke cikin Windows Security a ƙarƙashin Core isolation. A sabon ɗorin Windows 11 kan kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, wannan na ƙarshen a kunne yake zuwa. Wato wanda ya yi fomat don ya gyara matsalar yana iya zama shi ya kunno ta da hannunsa.

Hanyar ganewa ita ce a rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, a sauka ƙasan shafin farko. In an ga jimlar da ta fara da "A hypervisor has been detected", to mabuɗin na hannun Microsoft.

Kamfanonin sun yi wani ɗan sulhu. Daga VMware Workstation 15.5.5 a 2020, da VirtualBox tun daga jerin 6, baƙuwa na iya tashi ta hanyar roƙon haifabaizar Microsoft ta yi mata aikin. A VirtualBox, wanda ke cikin wannan hali zai ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar baƙuwa, inda aka saba ganin alama mai harafin V. Waɗanda suka zaɓi kunkuru ba su yi ƙarya ba. A kan kwamfuta mai ƙarfi tafiyar na yiwuwa, a kan tsohuwa kuwa baƙuwa na iya maƙalewa tun wajen tashi har a ɗauka ta mutu. Masu koyon haɗa sadarwa da GNS3 ko EVE-NG, waɗanda ke bukatar baƙuwa a cikin baƙuwa, su sulhun bai ma shafe su ba, VMware kan ƙi tayar masu da ita.

A kashe ko a bari?

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja.

Masu cewa a kashe suna duban aiki. Shawararsu ita ce a kashe Memory integrity, a cire alamar Hyper-V da Virtual Machine Platform da Windows Sandbox a jerin abubuwan Windows, in abin ya ƙi a buɗe Command Prompt da ikon mai gida a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, sannan a yi Restart. Hujjarsu ita ce tsohuwar Core i5 mai RAM gigabait 8 ba ta da rarar ƙarfin da za ta ciyar da masu rabon ɗaki biyu. Suna kuma nuni da cewa Microsoft da kansa, a 2022, ya wallafa wa masu wasannin kwamfuta yadda za su kashe waɗannan abubuwa don samun sauri.

Masu cewa a bari suna duban tsaro. Aikin Memory integrity shi ne hana gurɓataccen direba kutsawa cikin zuciyar Windows, inda in cuta ta shiga antibairos ma da wuya ya gan ta. Suka ce mutumin da ke kunna baƙuwa shi ne dai mai sauke manhajojin filashin da fasassun manhajoji daga shafukan da ba a san masu su ba, don haka shi ya fi kowa bukatar wannan katanga. Kuma wancan bayani na Microsoft ya haɗa da shawarar a mai da shi bayan an gama wasa, sashen da ba a cika ambata ba. Akwai kuma asarar kusa: wancan umarni na bcdedit yana kashe WSL 2 da Docker tare. Ɗalibin da ya gyara Kali ranar Litinin zai iya dawowa ranar Alhamis da kukan Docker ya ƙi tashi.

Ɓangare na uku cewa suke a daina jayayya da mai gida, a koma Hyper-V kacokan. Ga mai Windows Pro ko Education wannan na aiki sosai. Raunin shi ne Hyper-V ba ta miƙa wa baƙuwa na'urar USB cikin sauƙi kamar sauran biyun, kuma mai gyaran waya ko mai tsohuwar firinta don USB ɗin ya zo.

In aka auna, abin da kwamfutar ke ɗauke da shi ne ke raba gardama. Wadda ake shiga banki da ita, ko ake ajiye takardun mutane na NIN da sakamakon jarrabawa, ba ta cancanci a rushe mata katanga don darasin awa biyu ba. Wadda aka ware don gwaji kawai, kashewar ba ta da babbar illa. Sauyin kuma ba na dindindin ba ne, sa auto a madadin off a wancan umarni na bcdedit, tare da sake kunna abubuwan da aka kashe, yana mai da komai. Gargaɗi ɗaya da ɓangarorin suka yarda da shi: a kwamfutar da BitLocker ya kulle faifanta, taɓa saitin tsaro na Secure Boot ko TPM a BIOS na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. A tabbatar yana hannu kafin a shiga.

Abinci da wurin kwana

Baƙuwa ba ta cin abin da mai masauki bai da shi. Windows 11 na bukatar aƙalla gigabait 4 na RAM da 64 na wurin ajiya. Kwamfuta mai gigabait 4 gaba ɗaya ba za ta iya ɗaukar baƙuwa irin wannan ba, ko wace dabara aka yi. A mai gigabait 8 ma, in Chrome na buɗe da shafuka ashirin, VMware za ta ce "Not enough physical memory is available". A saitin VirtualBox, layin RAM na da sashe kore da ja, kuma ba ado ba ne. Haka furosesa: miƙa wa baƙuwa duka ƙwayoyinta (cores) da ake da su nauyi yake ƙarawa.

Faifan baƙuwa kuma girma yake yi. Yakan fara ƙarami ya riƙa kumbura yayin da ake zuba masa kaya, har ranar da C: ya cika, baƙuwa ta daskare. Wanda ya mai da ita kan filash ko faifan waje sai ya lura da abu biyu. Tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Sannan in harafin faifan ya sauya, jiya E: yau F:, VirtualBox za ta neme ta a tsohon adireshi ta rasa, ta rubuta Inaccessible, alhali komai na nan lafiya.

Idan aka ɗauke wuta tana cikin aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka na da batirin da zai riƙe ta. Ta tebur in babu UPS ko inbata, faɗuwa take nan take, baƙuwar da ke ciki ta faɗi tare da ita, wataƙila tana tsakiyar rubutu. Abin da ke biyo baya iri-iri ne, kuma mafi yawansa na gyaruwa.

VMware kan ajiye wasu ƙananan foldoji masu ƙarewa da .lck don nuna cewa baƙuwa na kan aiki. In wuta ta yanke ba ta samu ta kwashe su ba, gobe sai ta ce "This virtual machine appears to be in use". Maɓallin Take Ownership kan wadatar. In ya ƙi, a rufe VMware gaba ɗaya a goge foldojin .lck kaɗai. A VirtualBox kuwa fayil ɗin .vbox ne kan lalace, wani lokaci a tarar da shi fanko. Kusa da shi akwai .vbox-prev, kwafin saitin da ya gabata, wanda in an sauya masa suna zuwa .vbox baƙuwa kan dawo. Akwai kuma baƙuwar da aka kwantar maimakon a kashe ta, aka adana yanayinta. In aka sabunta manhajar ko fayil ɗin yanayin ya lalace, takan ƙi farkawa. Zaɓin Discard na zubar da yanayin ta tashi sabuwa. Abin da ba a adana ba ya tafi, amma faifan na nan.

Inda ake yin asarar da ba ta dawowa shi ne foldar Snapshots. Mutum ya ga C: ya cika, ya ga manyan fayiloli masu sunaye na lambobi barkatai, ya ɗauka shara ce ya goge. Alhali tun daga ranar da aka ɗauki hoton yanayin baƙuwa, duk sabon aiki a cikin waɗannan fayilolin ake rubuta shi, babban faifan tsayawa yake a inda aka bar shi. Goge su daidai yake da yage duk shafukan littafin bashi daga wannan ranar zuwa yau. Shi ya sa masu gyara da suka san aikin ba sa taɓa komai sai sun kwafe foldar baƙuwa dukanta zuwa wani wuri.

Wani abin da ake ɗora wa baƙuwa alhali ba nata ba ne: a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka na iya jure buga takarda, amma da an tayar da baƙuwa furosesa ta ɗau zafi sai dukan kwamfutar ta mutu. In mai masaukin ne ke faɗuwa, abin hura ƙura da sabon man furosesa ake nema.

Ta shiga gida, ta yi tuntuɓe a ciki

Saƙon "No bootable medium found" a kan baƙar fuska labari ne mai daɗi, domin yana nufin BIOS da Hyper-V da RAM duk sun ba da hanya. Baƙuwa ta tashi ta tarar faifanta fanko ne kuma ba a sa mata fayil ɗin ISO da za ta ɗora babbar manhaja daga ciki ba. Wani lokacin an sa, amma saukewar ba ta kammala ba saboda sabis ya yanke. Shafukan Kali da Ubuntu na ba da lambar SHA256 don a gwada cikar fayil. Wasu kan sauke Kali da aka riga aka shirya, wadda ke zuwa a dunƙule cikin .7z, su yi ta ƙoƙarin buɗe ta ba su warware ba. Wasu kuma sunan amd64 ke ruɗa su, su ce tasu Intel ce, su ɗauko arm64. Amd64 ɗin shi ne na Intel da AMD duka.

In aka faɗa wani baƙin shafi mai rubutun Shell, saitin EFI, wato sabon salon BIOS, ne bai dace da yadda aka ɗora baƙuwar ba, ko kuma an makara wajen danna maɓalli lokacin da Windows ya ce "Press any key to boot from CD or DVD", wanda daƙiƙu kaɗan yake jira. Windows 11 a matsayin baƙo yana neman TPM 2.0, kuma VirtualBox ba ta samar da na kwaikwayo ba sai a 7.0 ta Oktoban 2022. Mai tsohuwar manhaja zai yi ta ganin cewa kwamfutar ba ta cancanta ba. Baƙar fuska bayan an fara tashi kuwa sau da yawa daga saitin hoto take: a cire 3D, a bar VMSVGA ga Linux, VBoxSVGA ga Windows.

Waɗanda mai masaukinsu Linux ne nasu ciwon daban: "Kernel driver not installed", mai lamba -1908. Yakan biyo bayan sabunta zuciyar Linux, ko Secure Boot ya hana direban VirtualBox shiga don ba shi da sa hannu.

Lambar da ba ta cewa komai

Lambar da aka fi ɗauka hoto a tura wa mai gyara ta WhatsApp ita ce 0x80004005, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Ma'anarta kawai "an samu kuskure". Bayanin gaske yana layin da ke sama da ita, musamman kalmar da ta fara da VERR. In ba ta isa ba, kowace baƙuwa na da rahoton da take rubutawa a duk tashi, VBox.log a foldar Logs, ko vmware.log. Layukan ƙarshe ne ke nuna inda ta faɗi. In aka ga "fall back to NEM" a ciki, kunkurun nan ne da wani suna. A Windows akwai kuma VBoxHardening.log, wanda ke fallasa lokacin da antibairos ko Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima ya cusa wani abu da VirtualBox ta ƙi amincewa da shi.

Abin da zai shafi aljihu

Ga ɗalibi, bambancin karanta saƙo da yin fomat shi ne kuɗin mai gyara, da gigabait da yawa na data, da aikin zangon karatu da ke cikin .vdi ɗin da za a share. Ga mai shago, yini ɗaya ne ko biyu ba ciniki. Ga mai gyara kuma, ɗaga murfi ya gwada CR2032 da duba msinfo32 na ɗaukar minti biyar, sai dai kuɗin aikinsu bai kai na fomat ba, wanda wataƙila yana cikin dalilan da fomat ke da farin jini.

Mai shirin sayen kwamfutar tebur ta hannu don wannan aiki yana da damar gwadawa tun a shago: ya duba layin Virtualization, ya tabbatar BIOS ba ya kulle, ya sa a zare waya minti biyu a mayar ya ga ko agogo ya riƙe lokaci. Gigabait 8 na RAM shi ne ƙasa, 16 ya fi kwanciyar hankali, faifan SSD kuma ya fi ƙarin ƙwayoyin furosesa tasiri a kan saurin baƙuwa. Windows 11 a hukumance daga zuriya ta 8 ta furosesocin Intel yake farawa, ban da ƴan kaɗan, don haka yawancin na zuriya ta 4 da ta 6 da suka cika kasuwa ba sa ciki, ko da yake suna da VT-x kuma suna ɗaukar baƙuwa lafiya a kan Linux.

Ƙarin wa'adin tsaro da Microsoft ya ba masu Windows 10 na gida zuwa 13 ga Oktoban 2026 ne. Duk wanda ya ƙaura bayan nan da sabon ɗori, kan kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, zai tarar da Memory integrity a kunne tun ranar farko, koren kunkurun kuma na jiransa a ƙasan taga.